2,147,483,647

2,147,483,647 cikakkiyar lamba ce da babu abin da ke raba ta ba saura sai 1 da ita kanta. Ana samunta idan aka jera 2 har guda 31, aka ninka su, sannan aka cire 1. Ita ce ta takwas a jerin lambobin Mersenne (wato waɗanda ake samu ta irin wannan hanya) da babu abin da ke raba su sai 1 da su kansu. Masanin lissafi Leonhard Euler ya tabbatar da cewa babu wata lamba daban da ke raba ta a 1772, da hannu, aikin da ya cancanci yabo.

A kwamfuta kuwa, ita ce iyakar abin da gurbi mai bit 32 yake ɗauka idan an ware bit ɗaya don alamar ƙari ko ragi. Agogon Unix da ke ƙirga daƙiƙoƙi tun 1970 a irin wannan gurbi zai cika ranar 19 ga Janairu, 2038.