3.2 Itanol a Birnin Zariya: Daga Tukunyar Burukutu Zuwa Kwalbar Asibiti

Kafin a shiga tarihin, ya kamata a fayyace abin da ake nufi da itanol. Wani ruwa ne garai-garai mai kama da ruwan sha, amma yana da kaifin wari, yana kama wuta nan da nan, kuma yana tafasa a zafin digiri 78, wato kafin ruwa ya tafasa. Idan aka zuba shi a fata sai ya bushe ya bar sanyi. Shi ne sinadarin da ke sa maye a cikin kowace irin giya. Turawa na kiran dangin wannan sinadari da sunan da suka aro daga kalmar Larabci "al-kuhl", wadda asalin ma'anarta kwalli ne.

Mutanen ƙasar Zazzau sun san aikinsa tun ba su san sunansa ba. Maguzawan karkara sukan jiƙa dawa har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, sannan a bar ta ta kwana biyu tana tsima. A wannan tsimawa ne zaƙin hatsin ke rikiɗa ya zama itanol. Abin da ake samu shi ne burukutu, wanda ake sha a wajen gayya da biki. Bayan da Malam Musa ya karɓi mulkin Zazzau a 1808, shari'ar Musulunci ta ƙara ƙarfi a cikin ganuwa, don haka tukunyar giya ta zama abin bayan gari.

Zuwan Turawa a 1902 bai rushe wannan tsari ba. Hasali ma ya ƙarfafa shi ta wata fuska. Yarjejeniyar Burasal ta 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan Afirka da ba su saba da ita ba, kuma Lugga ya sanya Arewa cikin wannan rukuni, alhali a Kudu harajin barasa na cikin manyan hanyoyin samun kuɗin gwamnati. Sai dai hanin ya tsaya ne a kan 'yan ƙasa, domin su Turawan ba su daina sha a barikinsu ba. Da jirgin ƙasa ya iso Zariya wajen 1911 aka kafa Sabon Gari, can ne harkar giya ta sami mazauni. Ke nan an raba garin biyu: abin da ake sayarwa a Sabon Gari ba ya ƙetare Ƙofar Doka a fili, balle ya kai Ƙofar Gayan da ke can ɗaya gefen birnin.

Abin lura shi ne, sashe na 403 na dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ya tanadi hukunci ga Musulmin da ya sha abin da ke da barasa, amma ya keɓe wanda ya sha don magani. Ta wannan kafa ta magani ce sinadarin ya shiga birni ba tare da kowa ya ɗaga murya ba. A Babban Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, kamar kowane asibiti, da shi ake goge fata kafin a yi allura, domin yana kashe ƙwayoyin cuta, musamman idan ya kai kashi 70 cikin ɗari. Jama'a na kiransa "sifirit". Wanda ake sayarwa a kemis an gauraya shi da mitanol, guba mai makantarwa, da gangan don kada a sha. Masu aski na shafa shi a aska, kafintoci na narkar da man goge katako da shi, kuma yana cikin yawancin turaren fesawa.

A kan turaren ne malamai suka yi saɓani. Wasu na ganin najasa ne tunda asalinsa ɗaya da giya, wasu kuma na ganin shansa aka haramta, taɓa shi bai ɓata tufafin salla. Muhawarar ta sake tasowa a 2020, lokacin annobar korona, da aka riƙa ajiye man tsaftace hannu mai itanol a bakin asibitoci da bankuna, har da wasu masallatai.