SABON KOCI DA DOGON BURIN MAGOYA BAYA: DARASI DAGA TARIHIN ƘWALLON KWANDO

 

Akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a tsakanin masu sha'awar wasanni. Da zarar ƙungiya ta fara shan kashi, sai kowa ya ɗora laifi a kan mai horar da 'yan wasa, wato koci, a yi ta kiran a sallame shi. In an sallame shi an kawo sabo, sai buri ya tashi sama, a ɗauka kofi ya riga ya shigo hannu. Bayan wasa huɗu ko biyar, in ba a ga canji ba, sai a koma gidan jiya. Manufar wannan maƙala ita ce mu bi tarihin ƙwallon kwando, a gida da waje, mu ga abin da sauya koci ya taɓa haifarwa, da abin da bai taɓa iya haifarwa ba, domin mu san irin tsammanin da ya dace mu yi wa ƙungiyoyinmu da kuma yaranmu.

ASALIN WASAN DA SHIGOWARSA AREWA

Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro ƙwallon kwando a garin Springfield na ƙasar Amurka a shekarar 1891, don ya sama wa ɗalibansa abin yi a cikin ɗaki lokacin tsananin sanyi. Ke nan tun farko wasan makaranta ne, malami ya haife shi. Nijeriya ta shiga hukumar wasan ta duniya, FIBA, a 1964, kuma a nan Arewa ya yaɗu ne ta hanyar makarantun sakandare da kwalejojin horon malamai da barikokin soja da na 'yan sanda.

Mu Katsinawa ba baƙi ba ne ga tarbiyya ta hanyar wasa. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta haɗa karatu da wasannin motsa jiki tun kafuwarta. Sarki Muhammadu Dikko ya kafa ƙwallon dawaki, wato folo, a garin nan, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara a kansa har a ƙasashen waje. Folo bai kafu a Katsina don an ɗauko gwani ɗaya daga wani wuri ba. Ya kafu ne don an tanadi fili, an kiwata dawaki, an koya wa yara hawa, aka kuma jure shekara da shekaru.

A fagen ƙwallon kwando, Zariya ce ta yi irin wannan juriya. Wani Ba'amurke, Oliver Johnson, ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da matasa a filin Jami'ar Ahmadu Bello, kuma a hannunsa Masai Ujiri, wanda za mu sake ambata nan gaba, ya fara sanin wasan.

KANO PILLARS: TASHI DA JA BAYA

Ƙungiyar ƙwararru da ta fi kowace ɗaga sunan Arewa ita ce Kano Pillars ta ƙwallon kwando. Ta lashe gasar Firimiya ta ƙasa a 2013 da 2014, ta sake lashewa a 2016 da 2017. A 2016 ɗin kuma ta zo ta uku a gasar zakarun ƙungiyoyin Afirka da aka yi a birnin Alƙahira. Koci Sani Ahmed ya daɗe tare da ƙungiyar, ya san 'yan wasansa, su ma sun san shi, kuma gwamnatin jiha tana ɗauke da nauyinsu.

To, me ya faru daga baya? A watan Yuni na 2017 aka yi zaɓe biyu na shugabancin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa: ɗaya a Kano, wanda ya ba Tijjani Umar nasara, ɗaya a Abuja, wanda ya ba Musa Kida. Rikicin ya ja shekaru, ya kai gaban kotu, gasar cikin gida ta rikice, masu ɗaukar nauyi suka ja da baya. Ɗan wasan da ba ya da tabbacin yaushe za a buɗe gasa, ba ya da tabbacin albashi, dole ya nemi wata madafa. Da aka dawo fage sosai, sai kofin ya bar Kano: Rivers Hoopers ta Fatakwal ta ɗauka a 2019 da 2021 da 2023 da 2024, Kwara Falcons ta Ilori kuma a 2022.

Abin lura a nan shi ne, ita Hoopers ɗin ba da yawan sauya koci ta kai ga haka ba. Ogoh Odaudu ya haura shekara 10 yana riƙe da ita, har ya kai ta matsayi na uku a gasar BAL ta Afirka a 2024, aka kuma zaɓe shi gwarzon koci na wannan shekara. Mai goyon bayan da ya dubi ja bayan Pillars ya ce matsalar duk ta mai horarwa ce, ya bar jaki yana dukan taiki.

INDA SAUYI YA YI RANA

Kada mai karatu ya ɗauka ana nufin sauya koci ba ya da amfani. Yana da shi, amma da sharuɗɗa, kuma tarihin gasar NBA ta Amurka ya ba mu misalai biyu da suka shafi 'yan Nijeriya.

Na farko shi ne Houston Rockets, ƙungiyar Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko. A watan Fabrairun 1992, ƙungiyar na tangal-tangal, ta ci wasa 26 an cinye ta 26, sai aka sallami koci Don Chaney aka ɗora mataimakinsa, Rudy Tomjanovich. Magoya baya sun so ganin abin mamaki nan take, amma a wannan kaka ƙungiyar ko zagayen kifa ɗaya ƙwala ba ta kai ba. Duk da haka ba a kore shi ba. A kaka ta gaba ta ci wasa 55, a 1994 ta ɗauki kofi bayan ta doke New York, a 1995 ta maimaita a kan Orlando. Shi Tomjanovich tsohon ɗan wasan ƙungiyar ne, ya san ciki da wajenta, kuma an ba shi fiye da shekara 2 kafin shukarsa ta nuna.

Na biyu shi ne Toronto Raptors ta ƙasar Kanada, wadda Masai Ujiri, tashin Zariya, ya karɓi ragamarta a 2013. A 2018 ƙungiyar ta ci wasa 59, amma Cleveland ta fitar da ita da ci 4 da nema. Ujiri ya sallami Dwane Casey, mutumin da aka zaɓa gwarzon koci a wannan shekara, ya ɗora mataimakinsa Nick Nurse, ya kuma ba da tauraron da jama'ar garin suka fi ƙauna, DeMar DeRozan, ya karɓo Kawhi Leonard. Mutane da yawa sun fusata. A watan Yunin 2019 Toronto ta doke Golden State, ta ɗauki kofinta na farko. Sai dai wanda ya tsaya a nan bai karanta labarin duka ba: shekara 5 Ujiri ya yi yana tara 'yan wasa da renon matasa kafin ya taɓa kujerar koci, Nurse kuma ya yi waɗannan shekaru yana mataimaki a gidan. Daɗin daɗawa, da 'yan wasan suka watse, sakamako ya ja baya, shi kansa Nurse an sallame shi a 2023. Mutum ɗaya ne, basira ɗaya ce. Kayan aikin ne suka canza.

INDA BURI YA WUCE GONA DA IRI

Ƙungiyar maza ta ƙasa, D'Tigers, ta ɗanɗana zaƙi da ɗacin wannan lamari. A gasar Olamfik ta Landan a 2012, Amurka ta lallasa ta da maki 156 da 73. A 2015 aka kawo Will Voigt, ya kai ta ga kofin Afirka na farko a ƙasar Tunisiya, inda ta doke Angola da maki 74 da 65. A 2020 aka ɗauko Mike Brown, sanannen koci a NBA, kuma a watan Yulin 2021 Nijeriya ta doke Amurka da maki 90 da 87 a wasan sada zumunta a Las Vegas. Murna ta cika gari, har wasu suka fara lissafin lambar yabo. Da aka isa Tokyo, sai Ostareliya da Jamus da Italiya suka doke mu ɗaya bayan ɗaya, muka dawo ba mu ci wasa ko guda ba.

Bayan haka, a watan Mayun 2022, saboda rikicin shugabanci da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gwamnatin tarayya ta sanar da janye Nijeriya daga wasannin ƙasa da ƙasa na tsawon shekara 2. An soke matakin cikin 'yan makonni, amma aikin gama ya gama: ƙungiyar mata ta rasa gurbinta a gasar cin kofin duniya ta wannan shekara, aka ba Mali. Maza kuwa ba su sami zuwa gasar duniya ta 2023 ba, balle Olamfik ta 2024. Babu kocin da zai iya gyara ɓarnar da aka yi a ofis.

Ita ƙungiyar mata, D'Tigress, ta nuna ɗaya fuskar. Rena Wakama ta karɓe ta a 2023, ta tarar da 'yan wasan da suka riga suka ɗauki kofin Afirka sau 3 a jere, ta ƙara na 2023, sannan a Faris a 2024 suka doke Ostareliya da Kanada, suka zama ƙungiyar Afirka ta farko, maza ko mata, da ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a ƙwallon kwandon Olamfik. Ta yi gini ne a kan harsashin da ta tarar.

MU DAWO GIDA

Ko da yake ƙwallon ƙafa ya fi jan hankalin matasanmu, cutar ɗaya ce. Katsina United ta hau gasar Firimiya a 2016, ta faɗo a 2022, ta sake hawa a 2023, kuma a tsakanin nan masu horarwa da dama sun zo sun tafi. Abin da ya fi faɗuwa muni shi ne abin da zafin buri ke jawowa. A 2017, bayan wasa da Enyimba a filin Muhammadu Dikko, an yi hargitsi har aka jefi motar baƙi, hukumar gasa ta ci tarar ƙungiyarmu. A watan Afrilun 2022 kuma motar 'yan wasanmu aka farfasa a Kano, aka zabge wa Kano Pillars ta ƙwallon ƙafa maki 3. A ƙarshen wannan kaka, da mu da su duka muka faɗa rukuni na biyu. Jifa ba ta taɓa ƙara wa ƙungiya maki ba, sai dai ta zubar da mutuncin garin da ake yi wa kirari da ɗakin kara.

Koci kamar guga yake: abin da ke cikin rijiya shi yake ɗebowa. In rijiya ta ƙafe, ko sau nawa aka canza guga da igiya, laka za a jawo. Saboda haka, duk lokacin da aka naɗa sabon mai horarwa, ga tambayoyin da ya kamata mai hankali ya yi kafin ya fara lissafin kofi. Ana biyan 'yan wasa haƙƙinsu a kan kari? An ba shi wa'adin da zai ishe shi, ko wasa 3 aka gindaya masa? Shi ke zaɓen 'yan wasa, ko ana aiko masa da takarda daga sama? Akwai ƙungiyar matasa da za ta riƙa cike gurbi? A kakar farko, abin da ya dace a nema wurinsa shi ne ɗa'a, da tsari, da ganin sabbin yara suna tasowa. Sannu ba ta hana zuwa.

KAMMALAWA

Waɗanda muka bi ta kwalejin horon malamai mun san cewa darasin motsa jiki na cikin abin da ake koya wa malami, kuma a da kowace makaranta tana da ranar wasanni da malamin da ke kula da su. Nan ne bakin rijiyar, kuma nan ne ya cushe. Yawancin filayen da yara ke wasa sun zama gidaje da shaguna, yaran da ba su da abin yi da la'asar kuwa mun san inda zaman banza ke kai su.

Ƙwallon kwando na da wata falala ga unguwa mai cunkoso irin tamu: filinsa mita 28 ne a tsawo, 15 a faɗi, mutum biyar-biyar ke bugawa, kuma harabar makarantar firamare ta isa. Ina kira ga ƙungiyarmu da ta sa wannan a cikin ayyukan da za a tattauna a taron shekara: a nemi izinin hukumar ilmi, a dandaɓe fili ɗaya da siminti, a kafa kwanduna biyu, a ɗauki nauyin malami ɗaya na aƙalla shekara 3, kuma a ware wa 'ya'ya mata lokacinsu cikin sutura da kulawar malamai mata. Ku da ke birane, gudummawarku ce za ta tsayar da wannan aiki, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In kuma an fara, kada mu zo bayan wata 6 muna tambayar malamin ina kofi. Mu tambaye shi yara nawa ke zuwa, nawa daga cikinsu suka dage da karatu.

Allah Ya albarkaci zuriyarmu, Ya zaunar da Katsina da Nijeriya lafiya, amin.