Yunusa da Yunana: Tarihin Suna Guda a Ƙasar Damagaram

Tarihin baka na Damagaram ya nuna cewa wani malami daga Barno, Malam Yunus, shi ne ya kafa gidan sarautar ƙasar a wajajen shekarar 1731. Jikokinsa suka mayar da Zinder fadar mulki, kuma a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, ikonsu ya mamaye ƙasashen Sosebaki da ke kudu, irin su Dungas da Waca. Har yau a gundumar Magarya da ta Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, ana raɗa wa yara suna Yunusa, amma ba kowa ne ya san asalinsa ba.

Asalin sunan daga harshen Ibrananci ne, inda "Yona" ke nufin kurciya. Da wannan kalmar ce Littafin Farawa ya kira tsuntsuwar da Annabi Nuhu ya saki daga jirgi bayan ruwan Ɗufana. Littafin Sarakuna na Biyu kuwa ya ambaci Yona ɗan Amittai, mutumin Gat-hefer, a zamanin Sarki Yerobowam na Biyu, cikin ƙarni na 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Littafin da ke ɗauke da sunansa, mai babi 4, ya ba da labarin yadda aka aike shi Nineba ya guje, kifi ya haɗiye shi, daga bisani mutanen birnin suka tuba.

A Alƙur'ani mai girma sunan Yunus ya zo sau 4, sura ta 10 ma da shi ake kiranta. An kuma yi masa laƙabi da Zun-Nun, wato ma'abocin kifi.

Ta hanyoyi biyu sunan ya shigo Hausa. Malamai da almajiransu suka kawo "Yunus" na Larabci, Bahaushe ya ƙara masa wasali ya zama Yunusa, kamar yadda ya yi wa Yusufu da Dauda. Mafassaran Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932, suka zaɓi "Yunana", mai kama da lafazin Kiristocin Gabas ta Tsakiya. Shi ya sa Musulmi da Kirista a gari ɗaya kan ɗauki sunan annabi guda ba tare da sun gane takwarori ne ba.

Akwai kuma wani abin lura. A al'adar Bahaushe, "kurciya" sunan sammu ne da ake yi wa mutum don ya bar garinsu ya shiga duniya. Babu dangantakar tarihi tsakanin wannan da sunan Ibrananci, katari ne kawai. Mai kurciyar Hausa an ce ba ya waiwayen gida, Annabi Yunusa kuwa ya koma ga aikin da ya bari, kuma saboda wannan komawar ce littattafan biyu suka adana labarinsa.