Damina biyu ba ta isa sanin Damargu ba

Duk ɗan Damargu da ci-rani ya taɓa kai shi Ikko, Akkara ko Abijan ya ga samarin nan, ko da bai san sunansu ba. Biyu-biyu suke tafiya, farar riga da baƙin wando, kowa da ɗan allon sunansa a ƙirji, kowa da jaka cike da littattafai. Su ne ake ce wa 'yan Momon. Wani Ba'amurke mai suna Joseph Smith ya kafa ikilisiyarsu a 1830, hedikwatarta kuma tana birnin Salt Lake a jihar Utah. Aƙidarmu da tasu ba ɗaya ba ce, domin ban da Littafi Mai Tsarki suna da wani littafi nasu da mu ba mu karɓa ba. Amma ni da na yi ƙuruciyata a aikin bishara, ba na iya ganin saurayin da aka raba da gidansu aka tura shi ƙasar da ba ya jin yarenta ban tsaya na dube shi da kyau ba. Na san abin da ke cikinsa.

Tsarinsu a tsare yake. Gyaran da suka yi a 2012 ya ba namiji damar fita tun yana da shekara 18, mace 19. Namiji shekara biyu yake yi, mace wata 18. Ba shi ke zaɓen inda za shi ba, takarda ce ke zuwa ta faɗa masa, kuma galibin kuɗin zamansa daga aljihunsa da na iyayensa suke fitowa. Ana fara horar da shi na 'yan makonni a wata cibiya. Ta yankinmu an buɗe ta a Tema ta ƙasar Gana a 2002, aka mai da ita Akkara a 2017. A bisa tsarin da suka daɗe suna bi, ƙarfe shida da rabi na safe yake tashi, ya yi addu'a, ya motsa jiki, ya yi nazari shi kaɗai, ya yi tare da abokin tafiyarsa, ya koyi harshe, sannan su shiga gari har dare, goma da rabi a kwanta. Rana ɗaya a mako ta wanki ce da cefane da rubuta wasiƙa. Ba zance, ba kallon talabijin, ba rabuwa da abokin tafiya. Kafin 2019 sau biyu kawai a shekara ake barinsa ya ji muryar mahaifiyarsa a waya. Bayan 'yan watanni a sauya masa unguwa ko aboki.

Sun makara wajen shigowa Afirka ta Yamma, saboda har zuwa watan Yuni na 1978 ba sa ba baƙar fata matsayin firist. Wani malamin makaranta a ƙasar Ibo, Anthony Obinna, ya yi shekaru yana rubuta musu wasiƙu kafin a zo a yi masa baftisma a watan Nuwamba na wannan shekarar. Waɗanda suka zo ɗin ma ba samari ba ne, dattawa biyu ne da matansu, Mabey da Cannon. Daga baya samarin suka biyo, har aka gina musu babban ɗakin ibada a Aba a 2005.

Namu tarihin ya girmi wannan a ƙasar Hausa, shi ma kuma da samari ya fara. A watan Disamba na 1893 wasu matasa uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Ikko da niyyar shiga ƙasar Sudan, kamar yadda Turawa ke kiran yankinmu a lokacin. Bingham bai wuce shekara 21 ba. Kafin 1894 ta ƙare ciwo ya kashe biyu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Wanda ya rage shi ne ya raya ƙungiyar da aka sani da SIM, wadda ba ta samu wurin zama na dindindin ba sai a Pategi a 1902. A wani ɓangaren kuma Likita Mila na ƙungiyar CMS ya zauna Zariya, ya duƙufa kan fassara, har cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa ya fito a 1932. Wannan littafin shi ne jarin kowane mai bishara da ya biyo baya, daga Wusasa har Tanut.

Ta Najeriya 'yan SIM suka shigo Nijar. Damagaram suka fara sauka a 1924, sai Tsibirin Gobir kusa da Maraɗi a ƙarshen shekarun 1920, inda ɗan mishan David Osborne ya yi dogon zama. Faransawa ba su taɓa sakin jiki da su ba: mutane ne masu jin Ingilishi, shugabanninsu suna Jos, kuma suna hira da talakawa da Hausa ba tafinta. A lokacin yaƙin duniya na biyu, da Nijar ke ƙarƙashin gwamnatin Vishi, an matsa musu ƙwarai.

Tsofaffinmu sun ba mu labarin yinin ɗan mishan na wancan zamani. Da safe magani: wankin gyambo, ɗigon ido, kwinin zazzaɓi, kuma kafin a fara sai an yi ɗan wa'azi ga masu jira. Da hantsi koyar da yara karatun Hausa da boko. Ranar kasuwa a tafi gindin itace a yi waƙa a yi magana. Da rani a ɗaura wa doki ko raƙumi sirdi a zaga ƙauyuka. Daga wannan akwatin magani asibitin Galmi ya fito a 1950, da na kutare a Danja a 1956. Gaskiyar da ba ma ɓoyewa ita ce, a Damagaram, birnin sarauta da malamai, 'yan kaɗan ne suka bi su. Masu bi na farko daga cikin mutanen karkarar Maraɗi suka fito, da majinyata, da yaran da suka tashi a gidan mishan.

Waɗannan yaran ne suka ɗauki aikin. Ana koyar da su a makarantar Littafi Mai Tsarki a Tsibiri, daga baya a Agye, a tura su ƙauye da mata da tabarma da hauya. A Najeriya tun ƙarshen shekarun 1940 masu bi suka kafa ƙungiyar tura 'yan ƙasa, wadda ta zama EMS a ƙarƙashin ECWA. A Nijar ikilisiyar EERN ta tsaya da ƙafarta daidai lokacin samun 'yancin kai. Akwai wani tabo a nan da har yau ake magana a kansa. Mishan ta daɗe tana ganin karatun Hausa ya ishi mai bi, ba ta ɗoki Faransanci da ilimi mai zurfi ba, don gudun kada yara su gudu aikin gwamnati. Sakamakon haka aka samu zuriya guda ta masu bishara da suka san Littafi ciki da waje, amma ba su iya cika takarda a ofishin kwamanda. A ganina kuskure ne babba, kuma yana cikin abubuwan da suka haifar da ɗacin rai tsakanin iyayenmu da baƙin da suka koyar da su.

Ni a wannan layin na tashi. Da aka gama mana karatu, rabona ya faɗa Damargu, wani ƙauye da ke cin kasuwar Gangara, yamma da Tanut. Wanda bai san ƙasar ba yana ɗauka fako ce kawai. Alhali nan ne rumbun hatsin Abzin a zamanin ayari, nan fataken Agadas ke tsayawa su ɗauki gero a hanyarsu ta Damagaram da Kano, nan kuma Baturen nan Barth ya ratsa a farkon 1851. Hausawa ne da Dagirawa masu jin Barbarci, da Buzaye, da Fulani makiyaya, kusan kowa Musulmi. Ruwan sama kaɗan ne, rijiyoyi masu zurfi.

Ba ni da agogon tashi, kiran assalatu ke tashe ni. Kafin rana ta yi zafi sai na je rijiya, don mai bishara da ba shi da mata shi ke ɗebo ruwansa. Da damina gona ce har azahar, da hauyar tsaye irin ta ƙasar, a filin da mai gari ya ara mini. Albashin ikilisiya bai isa sayen tiyar hatsi ta wata ba, saboda haka in ban noma ba ban ci ba. Da yamma ina koya wa 'yan samari karanta wasiƙa da lissafin awo. Da dare shayi a dandali. Sauran lokacin duk gaisuwa ce: barkar haihuwa, duba mara lafiya, zaman makoki. Wanda ya ƙirga sa'o'in da nake buɗe Littafi a gaban wani zai ce ba na aikin komai. Amma duk wanda ya yi aikin ya san gaisuwar nan ita ce aikin.

Ranar da na isa, wani dattijon ikilisiya ya kai ni wurin mai gari, muka tuɓe takalma muka durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ga yaronmu mun kawo maka amana. Kirista ne, mai karatu ne, ba ya ɓoye abin da yake."

Mai gari ya dube ni ya ce, "Samari, kana noma?"

Na ce, "Ina yi, ranka ya daɗe."

Ya ce, "To, ka je ka gai da liman."

Na je, na ce, "Allah gafarta Malam," ya amsa, ya sa aka kawo mini fura. Bai taɓa yarda da abin da na gaskata ba, ni ma ban taɓa ɓoye masa ba, amma ba ranar da na wuce ƙofarsa ban tsuguna ba.

Abin da ya sa aka gane ni da wuri shi ne ƙasar Hausa ta daɗe da sanin saurayi mai barin gida saboda addini. Gardawa suna tafiya gabas neman Alƙur'ani tun kaka da kakanni. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yana saurayi ya fara yawon wa'azi a Gobir da Kabi da Zamfara. A zamaninmu ga 'yan Tabligi, tafarkin da Maulana Ilyas ya kafa a Indiya a shekarun 1920, suna fita kwana 3, kwana 40, ko wata 4, da tukunyarsu da guzurinsu, suna kwana masallaci. Akwai gurbin malami baƙo a zuciyar mutane, akwai kuma ladabin da ake jira daga gare shi.

A nan ne nake ganin tsarin Momon, duk da kyawunsa, an ɗinka shi ne don birni. Ƙwanƙwasa ƙofa gida-gida ba ya yiwuwa inda namiji ke tsayawa a zaure ya yi sallama ya jira. Da rani majiya ƙarfi sun tafi ci-rani Libiya ko Aljeriya ko Najeriya, saura tsofaffi da matan aure, saurayi baƙo kuwa ba shi da hurumin zama da matar wani. Ga batun aure. Su suna hana ɗan aikensu neman aure har ya gama, a wurinmu kuwa maganar wanda bai ajiye iyali ba ba ta da nauyi a gaban manya, komai iliminsa. Sai da na yi aure matata ta shiga gidajen da ban taɓa ganin tsakar su ba, sannan aka fara ce mini Malam da gaske. Uwa uba wa'adin. Shekara biyu damina biyu ce, kuma a Damargu ɗaya daga ciki tana iya zuwa da fari. Mutane ba su gama sanin halinka ba sai sun gan ka a shekarar ƙoshi sun gan ka a shekarar yunwa. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa, kuma ba wanda ke buɗe cikinsa ga wanda ya san gobe zai tafi.

Duk da haka akwai abu biyu nasu da nake sha'awa. Ba sa tura mutum shi kaɗai. Kaɗaici ya karya samarinmu da yawa, wasu suka koma gida ba sallama, wasu suka zauna amma zuciya ta mutu. Sannan suna ware lokacin nazari kowace safiya ba fashi, mu kuwa gona da gajiya sukan cinye namu.

Shekarun yunwa su ne jarrabawar wannan aiki. A 1984, da kuma 2005, hatsin agaji ya bi ta hannun ikilisiyoyi da yawa, kuma duk mai bishara ya san yadda shaidan ke raɗa wa mutum ya haɗa mudu da wa'azi. Ina ƙin wannan har zuciyata. Wanda yunwa ta kawo ba ya zaɓi, kuma maƙwabta ba sa mantawa da wanda ya yi ciniki da wahalarsu. Misalin da nake ba matasa shi ne Tony Rinaudo, ɗan Ostireliya da ya zo Maraɗi yana matashi a ƙarƙashin SIM. Daga 1983 ya rinƙa nuna wa manoma su bar tohon kututture a gona su gyara shi maimakon su sare, abin da ake kira sassaben zamani. Miliyoyin itatuwa sun tashi ta haka a kudancin Nijar, a gonakin mutanen da ba wanda ya tambaye su addininsu. Shi ma ba shekara biyu ya yi ba, ya haura goma sha biyar.

Ranar 16 ga Janairun 2015 aka ƙone majami'u a Damagaram kan zanen ɓatancin da wata jaridar Faransa ta buga, kashegari wutar ta kai Yamai. An yi asarar rayuka. A cikin wannan tashin hankali akwai Musulmin da suka ɓoye maƙwabtansu Kirista a ɗakunansu, kuma ba baƙin jiya suka ɓoye ba, mutanen da suka yi shekaru suna cin suna da makoki tare ne.

Saurayin da ake turawa yau yana da babur da salula, yana da karatun Littafi a katin waya da Hausa da Tamajak da Fulatanci, yana kiran mahaifiyarsa duk daren da ya samu layi. Amma zinariyar Jado da aikin Libiya suna janye tsararsa, ikilisiyoyin karkara kuma ba su da abin biyansa. A taron dattawa na ƙarshe da na halarta na roƙi abu uku: a daina tura mutum ɗaya, a koya wa kowa sana'ar hannu kafin ya fita, ko gyaran famfon rijiya ko allurar dabbobi, kuma wanda za shi Damargu ya fara koyon Barbarci ko Tamajak tun yana makaranta. An amince da na farko. Sauran biyun an ce sai an samu kuɗi.