Daga Zauren Alƙali Zuwa Jami'a: Tarihin Horar da Ma'aikatan Shari'a da Tsaro a Ƙasar Katsina

Ɗalibin da ya fito daga Ruwan Godiya, ko wani gari na ƙasar Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa, ya shiga jami'a don karanta shari'a ko ilmin nazarin laifuka, tambayoyi biyu ne suka fi damunsa: a ina zai koyi aikin da hannunsa, kuma wace ƙofa ce za ta buɗe masa in ya gama? Waɗannan tambayoyi sun girmi jami'a. Tun kafin zuwan Turawa akwai alƙalai da muhutai da dogarai a ƙasar Katsina, kuma kowannensu akwai hanyar da ya bi ya kai ga muƙaminsa. Maƙasudin wannan lacca shi ne a bi sawun wannan hanya, a ga yadda ta sāke, da abin da aka samu da kuma abin da aka rasa a kowane sauyi.

Zamanin zaure

Bayan da Malam Ummarun Dallaje ya kafa mulkin jama'ar Shehu a Katsina a 1807, shari'ar da ake bi ita ce ta mazhabar Malikiyya. Mai son zama alƙali yakan fara ne a makarantar ilmi, ya karanta Risala, sa'an nan Muhtasar na Halilu, da Tuhfatul Hukkam, littafin da ya keɓanta ga hukunce-hukuncen alƙalanci. Amma karatu kaɗai bai isa ba. Sai ya zauna shekara da shekaru a zauren wani alƙali a matsayin almajiri ko muhuti, yana sauraron yadda ake karɓar ƙara, da yadda ake tantance shaidu, da lokacin da ake ba da rantsuwa, da yadda ake raba gado. Kama mai laifi aikin dogarai ne, tsaronsa kuwa aikin yari, wanda daga sunansa aka sami kalmar gidan yari.

Wannan tsari yana da ƙarfi guda ɗaya babba, watau mai koyo ya san mutanen da zai yi wa hukunci, ya san harshensu da iyakokin gonakinsu da burtalin shanunsu. Rauninsa kuwa shi ne ƙofar shiga ƙunƙuntacciya ce. Galibi alƙalanci yana zagayawa ne cikin gidajen malamai, dogarai kuma daga cikin bayi da barorin sarki ake ɗaukarsu. Ɗan talaka na ƙauye, kome hazaƙarsa, da wuya ya sami shiga in ba shi da ubangida.

Zamanin En'e

Da Turawa suka shiga Katsina a 1903 ba su rushe kotunan alƙalai ba. Sun dai hana wasu hukunce-hukunce, kamar yanke hannu, suka kasa kotuna daraja-daraja daga A zuwa D, suka wajabta rubuta shari'a a littafi don Razdan ko Di'o ya duba, aka kuma yanka wa alƙalai albashi daga Baitulmali. Ta haka alƙali ya zama ma'aikacin En'e, magatakardan kotu kuma ya zama mutum mai muhimmanci.

A ƙarshen shekarun 1920 aka yi wa aikin tsaro kwaskwarima, aka fitar da 'yan doka masu kayan sarki da fareti daga cikin aikin dogarai, aka kuma riƙa ɗora 'ya'yan sarakuna a kansu don aikin ya sami martaba. Alal misali, a Katsina, Usman Nagogo ɗan Sarki Muhammadu Dikko shi aka ba shugabancin 'yan doka a 1929, tun kafin ya zama Magajin Gari, daga bisani ya hau gadon sarauta a 1944. A 1930 kuma aka haɗa 'yan sandan Gwamnati na Arewa da na Kudu suka zama rundunar 'yan sandan Nijeriya. Saboda haka aka sami runduna iri biyu a Lardi guda, ta Gwamnati da ta En'e, kuma mutanen karkara ɗan doka suka fi sani.

Babban sauyi wajen horar da alƙalai ya zo ne a 1934, sa'ad da aka buɗe Makarantar Shari'a ta Kano, aka ɗauko mata malamai daga Sudan. A nan aka mai da karatun zaure ya zama na aji, mai manhaja da jarrabawa da takardar shaida. A 1947 aka faɗaɗa ta, ta koma Makarantar Nazarin Larabci. Daga cikin waɗanda suka yi karatu a cikinta akwai Malam Abubakar Mahmud Gumi, wanda ya zama Alƙalin Alƙalan Jihar Arewa a 1962.

Gyaran 1960

Da lokacin mulkin kai ya matso, sai tambaya ta taso game da dokar da za a yi wa kowa hukuncin laifi da ita, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. A 1958 Gwamnatin Sardauna ta kafa kwamitin masana shari'a a ƙarƙashin Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, tare da Mai Shari'a Muhammad Sharif na Pakistan da Farfesa Anderson na Jami'ar Landan da wasu manyan Arewa. Shawararsu ce ta haifar da kundin Final Kod, wanda aka tsara bisa samfurin na Sudan, ya fara aiki a 1960 tare da kundin hanyoyin gudanar da shari'ar laifuka.

Abin lura a nan shi ne, doka ba ta aiwatar da kanta. Sai da aka riƙa kwasar alƙalai da ma'aikatan kotu daga Larduna ana kai su Makarantar Koyon Sha'anin Mulki ta Zariya, a Kongo, ana koya musu sabon kundi sashe-sashe. Wannan horo shi ne tushen Tsangayar Shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962. A daidai wannan zamani ne kuma 'ya'yan Katsina na farko suka komo daga Ingila da shaidar zama lauyoyi, watau Mamman Nasir, wanda ya shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 1978 zuwa 1992, da Muhammad Bello, Babban Jojin Nijeriya daga 1987 zuwa 1995. Shi Muhammad Bello ɗan Muhutin Katsina ne, sai ya zamana a gida guda an ga tsohuwar hanya da sabuwa.

Bayan En'e

Mulkin soja ne ya kawo ƙarshen ikon En'e a kan shari'a da tsaro. Daga 1 ga Afrilu 1968 kotunan alƙalai suka koma hannun gwamnatocin jihohi da sunan kotunan yanki, aka soke kotunan sarakuna, gidajen yari suka koma hannun Gwamnatin Tarayya, sa'an nan aka shigar da 'yan doka cikin rundunar 'yan sandan Nijeriya. Dalilin da aka fi kafawa shi ne yadda aka yi amfani da 'yan doka da kotuna wajen musguna wa 'yan hamayya, musamman 'yan NEPU, a zamanin siyasar farko.

An sami riba a wannan sauyi. Takardar makaranta ta maye gurbin ubangida, ƙofa ta buɗe wa ɗan kowa, har ɗan Katsina ya iya kaiwa ƙololuwar aiki a ƙasa baki ɗaya, kamar yadda M. D. Yusufu ya zama Sufeto Janar na 'yan sanda daga 1975 zuwa 1979, Ibrahim Kumasi kuma daga 1993 zuwa 1999. Amma an yi hasara. Ɗan sandan tarayya ana iya kai shi ko'ina, sau da yawa inda bai san harshe ko hanya ba, kuma manyan ofisoshi suna birni. Garuruwan da ke bakin daji, a iyakar Katsina da Zamfara, suka yi nisa da hukuma. Rigimar gona da kiwo da satar shanu da ba a yi musu hukunci da wuri ba suna daga cikin abubuwan da suka haɗu suka zama ta'addancin 'yan bindiga. A daren 11 ga Disamba 2020 aka kwashe ɗaliban makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, sai bayan kwana shida aka sako 344. A watan Oktoba 2023 Gwamnatin Jihar Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma, wadda ake ɗaukar 'ya'yanta daga yankunansu. Ma'anar wannan ita ce an komo ga abin da aka bari a baya, watau sanin wuri da sanin mutane.

Ƙofofin da ke gaban ɗalibi

Mai karatun shari'a yana yin shekara biyar a jami'a, sa'an nan shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ke da reshe a Bagauda ta Jihar Kano, kuma cikin wannan shekara dole ne a tura shi kotu da ofishin lauya ya ga aiki da idonsa. Mai son alƙalancin kotunan shari'ar Musulunci, waɗanda Jihar Katsina ta kafa a 2000, yana iya haɗa shari'ar Musulunci da ta zamani a digiri guda, ko ya fara da difloma a Kwalejin Yusufu Bala Usman ta Daura. Ilmin nazarin laifuka da tsaro kuwa ana koyar da shi a Jami'ar Tarayya ta Dutse da Jami'ar Karatu Daga Gida, da wasunsu. Makarantar 'Yan Sanda ta Wudil, tun daga 2013, tana ɗaukar ɗalibai su yi shekara biyar su fito da digiri da muƙamin mataimakin sufuritanda.

Wuraren aiki ma sun ƙaru. Bayan 'yan sanda da kotuna da Ma'aikatar Shari'a, akwai Hukumar Ba da Agajin Lauya da aka kafa a 1976, da hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta 1989, da hukumomin yaƙi da cin hanci, watau ICPC da EFCC. Sababbin dokoki kuma sun ƙirƙiro ayyukan da babu su a dā. Dokar gudanar da shari'ar laifuka ta 2015 ta umarci majistare ya riƙa ziyartar ofisoshin 'yan sanda kowane wata ya duba waɗanda ke tsare. Dokar 2019, wadda ta mai da gidajen yari gidajen gyaran hali, ta kafa sashen hukuncin da ba na ɗauri ba, kamar aikin al'umma da sakin talala, kuma wannan sashe yana bukatar masu ilmin halayyar jama'a. Dokar 'yan sanda ta 2020 ta ce a ajiye jami'i mai shaidar lauya a kowane ofishin yanki. Bukatar waɗannan ayyuka a fili take, domin wajen kashi biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen gyaran hali jiran shari'a suke yi.

Kammalawa

Tarihi ya nuna cewa kowane gyara da aka yi wa shari'a a Arewa ya tsaya ne a kan mutanen da aka horar. Ɗalibin yau ya sami takardar da almajirin alƙali bai samu ba, amma abin da almajirin ya samu a zaure, shi sai ya nema da kansa. Zauren kotu a buɗe yake ga kowa. Hutun jami'a da shekarar hidimar ƙasa dama ce ta zama a kotun Funtuwa ko ta Malumfashi, ko ofishin rajista, a koyi yadda ake buɗe fayil da rubuta bayanin shaida da neman beli. Ma'aikatan gwamnati kuwa, su ne magada zauren alƙali a wannan zamani, kuma haƙƙi ne a kansu su karɓi ɗaliban da aka turo musu, su ba su aiki na gaske maimakon aike. In an yi haka, garuruwa irin su Ruwan Godiya za su sami ma'aikatan da suka san doka suka kuma san ƙasar.