Sabuwar Kyamara da Lissafin Mai Hoto a Bakin Tafkin Kainji

Da kamfanin Sony ya sanar da kyamararsa a9 III a Nuwamban 2023, magana ɗaya ce ta cika bakin masu sana'armu: tana ɗaukar hoto 120 cikin daƙiƙa guda, kuma allonta mai karɓar haske yana kama hoton gaba ɗaya a lokaci ɗaya, don haka abu mai gudu ba ya fitowa a karkace. Kuɗinta a lokacin dala 5,999 ne. Canon ya biyo baya da EOS R1 a Yulin 2024, a kan dala 6,299. Aikin ƙira ne na ban mamaki, ban musa ba. Amma ra'ayina shi ne mai hoto a Yelwa ko Ngaski ko Shanga ya auna irin wannan kyamara da ma'aunin da tarihin sana'ar ya bar mana, wato nisan da ke tsakanin danna kyamara da miƙa hoto a hannun mai shi.

A zamanin fim, wannan nisa shi ne dukan wahalar. Nadi ɗaya hoto 36 yake ci, kowane dannawa kuɗi ne, kuma mai hoto bai san abin da ya kama ba sai an wanke. Baƙi-da-fari ana iya wanke shi a ɗaki mai duhu a bayan shago, amma mai kala sai an kai shi manyan garuruwa inda injin wanki yake, amarya da danginta suna jira kwana da kwanaki. Idan haske ya shiga fim ɗin, shi ke nan, biki ba ya maimaituwa. Kodak ya fito da DCS 100 a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Kebbi, amma tsadarta ta sa ba ta taɓa rayuwar kowa a nan ba. Nikon D1 ta 1999 ma ta 'yan jarida ce. Abin da ya juya sana'ar a garuruwanmu shi ne lokacin da ƙananan kyamarori masu memori da firinta suka yi arha, har mai hoton fasfo ya iya sallamar ɗalibi nan take. Ba kaifin hoto ne ya yi nasara ba, kashe jira ne ya yi.

Za a ce ai Rigata fa? Gaskiya ne, tseren kwale-kwale a Yawuri, da fesowar ruwa da hannuwan matuƙa, aiki ne da ke son kyamara mai sauri, kuma al'adun Gungawa da sauran mutanen kogi sun cancanci a adana su da kayan aiki mafi kyau, musamman da yake cikar tafkin a 1968 ta tashi dubban mutane daga tsoffin matsugunansu. Sai dai a saurin hoto 120 cikin daƙiƙa, abin da nadin fim ɗaya ke ɗauka yana ƙarewa kafin sulusin daƙiƙa, kuma kowane hoto yana buƙatar memori da kwamfuta da wutar da za a zauna a tace shi. Bikin kuma na 'yan kwanaki ne, sauran shekara ta suna ce da aure da saukar Alƙur'ani. Lokacin da dala ta haura naira 1,500 a farkon 2024, kuɗin kyamarar ta Sony ya kai wajen naira miliyan tara, ba a ma sa gilashinta ba.

Hujja ta biyu ta fi nauyi: wayar hannu ta cinye ƙananan ayyuka, dole ƙwararre ya nuna bambanci. Haka ne. Amma bambancin da mai biki ke gani yana fitowa daga gilashi mai kyau, da filashar da ta iya da baƙar fata a tsakar rana da cikin rumfa, da bugu mai jure shekaru. Tsohuwar Canon 5D Mark II ta 2008, ta hannu, har yau tana yin wannan, kuma rarar kuɗin ta isa sayen sola da firinta.