Ta'aziyya da Gaskiya: Neman Sanyin Zuciya Bayan Hatsarin Challenger da Columbia

Gabatarwa

Ranar 28 ga Janairun 1986 kumbon Challenger ya tashi daga Cibiyar Kennedy da ke jihar Florida ta Amurka ɗauke da mutum bakwai. Daƙiƙa 73 da tashinsa ya tarwatse, babu wanda ya tsira. Cikinsu har da Christa McAuliffe, malamar sakandare da aka zaɓo daga malamai sama da 11,000 domin ta ba da darasi daga sararin samaniya, abin da ya sa yara da yawa suka kalli hatsarin a talabijin suna zaune a aji. Bayan shekara 17, ranar 1 ga Fabrairun 2003, kumbon Columbia ya wargaje a saman jihar Texas da wasu 'yan sama-jannati bakwai, saura minti 16 ya sauka.

Wannan maƙala tana duba abin da ke sanyaya zuciyar waɗanda aka bari bayan irin wannan rashi. Matsayinta shi ne, kalaman ta'aziyya suna riƙe mutum a ranar farko, amma natsuwa mai ɗorewa ba ta samuwa sai an fayyace yadda abin ya faru da inda aka yi sakaci.

Ta'aziyyar ranar farko

A daren da Challenger ya tarwatse ne Shugaba Ronald Reagan zai gabatar wa majalisa jawabinsa na shekara. Sai ya ɗage shi, ya yi wa ƙasa gajeren jawabi wanda Peggy Noonan ta rubuta. Ya kira mamatan da sunayensu ɗaya bayan ɗaya, sannan ya juya ga yara 'yan makaranta, ya nuna musu cewa binciken abin da ba a sani ba yakan zo da irin wannan raɗaɗi.

Duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san amfanin irin wannan magana. Ranar da aka yi rashi ba a shigowa da takardun asibiti, ba a tambayar wanda ya makara da kawo mota. Sai haƙuri, sai addu'a, sai ambaton alherin mamaci. Jawabin Reagan ya yi wannan aiki. Sai dai ya ɗauki mutuwar a matsayin kuɗin da jarumta kan biya, domin a ranar jama'a ba su san abin da aka tattauna a daren jajibere ba.

Abin da bincike ya tono

A wancan dare injiniyoyin kamfanin Morton Thiokol, wanda ya ƙera rokokin da ke ɗaga kumbon, sun ba da shawarar a dakata. Tsoronsu yana kan wasu zobba na roba da ke toshe mahaɗar sassan rokar: in sanyi ya yi yawa robar kan sandare, wuta ta samu kafar fita. Shugabannin kamfanin suka keɓe, suka sauya shawarar, hukumar NASA ta amince. Aka harba kumbon cikin sanyi na wajen digiri 2 a ma'aunin Salsiyos. A zaman kwamitin bincike na William Rogers, masanin kimiyyar nan Richard Feynman ya matse guntun robar da ƙarfe, ya tsoma ta a kofin ruwan ƙanƙara, ya fito da ita a gaban kyamarori. Kowa ya ga ba ta koma siffarta nan take ba.

A nan ne ake gane iyakar kalmar ƙaddara. Imani da ita yana hana mai makoki haukacewa, amma ba ya wanke wanda aka gargaɗa ya toshe kunne. Ai an ce a ɗaure raƙumi tukuna, sannan a yi tawakkali.

Akwai masu ganin tono irin wannan fama rauni ne kawai, kuma hujjarsu tana da nauyi. Rahoton likita Joseph Kerwin na Yulin 1986 ya nuna cewa ɗakin matuƙa ya fita a haɗe, an kunna wasu daga cikin na'urorin iska na gaggawa, kuma ɗakin ya ɗauki kusan minti uku kafin ya faɗa teku. Babu uwar da za ta ji wannan ta ji daɗi. Amma natsuwar da aka gina kan rufa-rufa tana jiran ranar tonuwa ne, kuma ranar da ta tonu sai a sake sabon makoki, wannan karon haɗe da jin an ci amana.

Tarkace biyu, darasi ɗaya

A 1996 masaniyar zamantakewa Diane Vaughan ta bayyana cutar da ke ƙasa: ƙaramin lahani yakan bayyana, a tsira, ya sake bayyana, a sake tsira, har a saba da shi a daina kiransa lahani. Haka aka yi da Columbia. An saba ganin ɓallin kumfar da ke lulluɓe tankin mai yana faɗowa. Wannan karon ya huda fiffiken hagu. Injiniyoyi sun nemi a ɗauko hoton fiffiken tun kumbon yana sama, ba a yi ba. Kwamitin bincike na Harold Gehman ya ce ɗabi'ar aiki a hukumar tana da hannu a hatsarin kamar yadda kumfar take da shi.

Yadda aka yi da tarkacen kumbunan biyu ya nuna an ɗan koyi wani abu. Na Challenger an zuba shi a tsofaffin ramukan makamai masu linzami a Cape Canaveral, aka rufe. Na Columbia kuwa, dubban mutane ne suka bi dazuzzuka da gonakin Texas da Louisiana suka tsinto guntaye wajen 84,000, aka adana su a Cibiyar Kennedy, ana ba masu bincike aro. A 2015 aka buɗe zauren tunawa a cibiyar, inda sassan kumbunan suke tare da kayan mamatan da iyalansu suka bayar.

Kammalawa

Labarin Bob Ebeling ya tattara wannan hujja. Yana cikin injiniyoyin da suka ce a dakata da harba Challenger, kuma ya gaya wa matarsa a daren cewa kumbon zai fashe. Shekara 30 ya yi yana ɗora wa kansa laifi, yana ganin bai matsa yadda ya kamata ba. A Janairun 2016 ya faɗi haka a gidan rediyon NPR, yana ɗan shekara 89. Ɗaruruwan masu sauraro suka rubuto masa wasiƙun ban-haƙuri, ya ji daɗinsu, amma nauyin bai sauka ba, domin ba su ne ke ɗakin taron ba. Sai da tsohon shugabansa Allan McDonald ya kira shi, wasu manyan da shawarar ta ratsa ta hannunsu suka tabbatar masa cewa ya yi aikinsa kuma hukuncin ba nasa ba ne, ita ma NASA ta aiko da saƙon yabo ga masu faɗin gaskiya irinsa. Daga nan ya ce hankalinsa ya kwanta. Ya rasu a watan Maris na shekarar.

Tausayin baƙi ya yi masa rana, amma shaidar waɗanda suka san abin da ya faru ce ta sauke masa kayan. Duk hukumar da ke son yi wa iyalan mamata ta'aziyya ta gaske, bayan furanni da jawabi, sai ta buɗe musu fayil ɗinta.